Muryar Yaya Bitrus ta dawo daga Tudun Wada

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Bitrus, kuma bana ne karon farko da na ɗauki biro don tunawa da shi ina murmushi. Ku yi mini haƙuri idan zumuɗi ya yi yawa, abin da ya faru makon jiya ne bai sake ni ba.

Waɗanda suka san Sabon Tasha a lokacin za su tuna teburinsa a bakin kasuwa, inda yake sayar da ƙananan na'urorin jin waƙa waɗanda aka riga aka yi amfani da su. Dokarsa ɗaya ce: duk wadda ta shigo sai ya goge waƙoƙin ciki tas kafin ya sayar. Maƙwabcinsa Oga Emeka makanike ya sha yi masa tsiya, wai wanda ya sayi akuya da ciki ai ɗan ma nasa ne. Yaya sai ya ce, "Na'ura tawa ce, Oga, waƙa ta mai waƙa ce. Ya yarda in ji, bai ce in yi kasuwa da ita ba." Ni dai taurin kai na ɗauke shi, don ina kallo masu saye ke wucewa teburin gaba.

Daga baya wani lauya a cocinmu ya ce mini Yaya bai yi nisa da gaskiya ba: sayar da na'urarka ba laifi, amma kwafin waƙoƙin ciki magana ce da masana doka ke ja-in-ja a kai. Da zai leƙo yau ya ga waƙa ta koma cikin waya, ana jin ta haya-haya, ba ta kowa ce ba balle ya sayar, na san dariya zai yi har ya riƙe ciki.

Ga laifina. Bayan jana'iza na tattara kayan teburin na sayar, har da tasa ta kansa, ban goge komai ba don ban iya ba. Ban damu ba sai da 'yarsa Rahila, wadda ya bari tana shekara uku, ta fara tambayata, "Anti, yaya muryar babana take?" Hotuna muna da su. Murya ko ɗaya babu, kuma duk sa'ad da ta tambaya sai zuciyata ta yi nauyi.

Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ran Asabar da hantsi wata 'yar zumuntar matan cocinmu ta shigo da gudu, bayanta wani dattijo, Malam Sani, tela a Tudun Wada. Ashe shi ya sayi na'urar Yaya ta kansa, shekara da shekaru tana taya shi ɗinki. Matar ta kai masa ɗinkin atamfa, sai ta ji wani mutum a ciki yana koya wa mawaƙan coci waƙa, ta saki ihu ta ce marigayi Bitrus ne. Yaya ya ɗauki muryarsa a na'urar ranar gwajin waƙa, mu ba mu sani ba.

"Ba ta sayarwa ba ce, Madam," in ji Malam Sani da ya ga na laluba jaka. "Amana ce na riƙe ban sani ba." Ya miƙo mini ita.

Na yi rawa a tsakar gida, ni da gwiwa ke damuna! Kuskurena ne ya adana abin da kulawarsa za ta share, kuma har yanzu ban san ko in ji kunya ko in yi godiya ba. Teburin ya tafi, sana'ar ma ta mutu. Abin da ya rage minti goma sha ɗaya ne na mutum yana gyara wa mutane murya, yana kuskure, yana yi wa kansa dariya.

Da Rahila ta dawo daga kasuwa na sa mata abin sauraren na'urar a kunnuwa biyu. Ta tsaya cak da ledar tumatir a hannu. Can sai ta cire na kunne ɗaya, hawaye na zuba, ta ce, "Anti, me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mini dariyarsa na ɗauko?"