Ƙotocin da Gara ta Cinye

A ƙauyenmu, can bayan duwatsun Roni, tatsuniya ta kakarmu Iya ce, ba mai ja da ita. Lokacin sanyi da an sallame isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, tana gasa mana gyaɗa tana zagin wanda ya fi zari. Ni take kira mijinta, wai amma mijin banza ne da bai taɓa sayo mata goro ba.

Daren da ba na mantawa shi ne wanda yayana Sale ya ɗaure kayansa zai tafi cirani Legas. Ya daɗe yana noma gandun Baba, sai ya roƙi a yankar masa gayauna, wato 'yar gonar kansa, a bakin fadama, ya gwada tumatirin rani. Baba ya ce yaro bai san ciwon ƙasa ba. Sale ya ce to shi ke nan, motar asuba da shi za ta tashi. Innarmu kuwa tun la'asar take kuka a madafi.

Baba ɗan farin Iya ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. Sai kawai ta ja tabarmarta har jikin zanar da yake sauraron rediyo a bayanta, ta ɗaga murya kamar duk mun kurumce.

Wai an yi wani dattijo mai 'ya'ya cike da gida. Fartanyoyin gidan duk ya tura su ƙarƙashin gadonsa, don kada yara su dakusar masa. Shi kaɗai yake noma, kullum kuma yana ƙorafin sun cika ci. Ɗaya bayan ɗaya suka gudu wani gari, inda wata tsohuwa take miƙa wa kowane saurayi fartanya ta nuna masa fili. Kafin ka ce kwabo garin ya cika da rumbuna, maƙera da 'yan koli suka biyo, kasuwa ta kafu. Da yunwa ta kama dattijo ya je can awo, sai ya tarar duk masu hatsin 'ya'yansa ne. Kunya ta koro shi gida, ya janyo fartanyoyin don ya je ya ba su haƙuri.

"Me ya tarar, mijina?" Iya ta tambaye ni. Na ce ban sani ba. Ta ce, "Gara ta cinye ƙotocin tas. Abin da ka hana yaro, gara ka ajiye wa."

A nan muka ji rediyo ya yi shiru.

Da asuba sai ga Baba ya fito. Ya saɓi fartanya, ya sa Sale a gaba har fadama, ya ja masa iyaka. Motar ta tafi ba da shi ba.

Allah Ya jiƙan Iya, mace ce da ban ga irinta ba. Yau Sale da furfurarsa, motoci ke zuwa ɗaukar tumatirinsa, samarin da ya yankar wa fili kuma wasu sun yi injin ban ruwa, wasu adaidaita sahu a Kazaure. Don haka in na ji masu cewa matasa sun yi wa ƙasar nan yawa, haushi nake ji. Yawansu ai shi ne arzikin, a dai duba ƙarƙashin gado.

Bara ɗana ya gama makaranta, ya ce in ba shi shagon ƙofar gida ya yi gyaran waya. Har na buɗe baki zan ce yaro ne, sai na ji kamar ƙamshin gyaɗar Iya. Na miƙa masa makulli. Da muka buɗe shagon, wallahi gara ta riga ta fara cin ƙyauren.