Tayin Fitila da Zanen Lucille

Shekara ashirin da shida Casimir Dombek ya yi yana ɗaga zanen fenti, irin na ratayewa a bango, a wani gidan gwanjo na New York, da farar safar hannu. Ya riƙe zanen dala miliyan tara wanda shi kansa bai san samansa da ƙasansa ba. In an tambaye shi ma'anar zanen, sai ya ce, "Ni dai nauyinsa na sani."

Amma ya san sirrin mai gwanjo, Mista Halloran. In zane bai samu mai taya ba, Halloran sai ya ɗaga ido wajen babbar fitilar rufi, ya riƙa kiran farashi kamar ana ta tayawa, ko wani ya ji zafi ya shigo. Tayin fitila kenan. In ba wanda ya shigo, an ce zanen ya ƙone, ba mai sake kallonsa.

To, matarsa Lucille shekara talatin tana zane a kicin, ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Da Casimir zai bar aiki, Halloran ya ce, "Kaz, me kake so na kyautar sallama, agogo?"

"Agogon me, Yallaɓai? Ka sa mini zanen matata a gwanjo."

Ranar gwanjon, shi ya riƙe zanen: tukwane ja da shuɗi, sun karkace. Lucille na can layin baya da hular zuwa coci.

"Dala ɗari uku! Ɗari huɗu! Ɗari biyar!"

Lucille sai murmushi take. Shi kuwa Casimir ya ga idon Halloran na kan fitila. Wayyo, baiwar Allah! Ga shi an hana ma'aikaci tayawa. Gumi ya jiƙa safar.

"Ɗari shida..."

Sai idon nan ya sauko, ya tsaya kan wata mata mai jan tabarau da ta ɗaga hannu. Wani mai sanƙo ya ce bai yarda ba. Aka yi ta ja har dubu biyu da ɗari ɗaya, guduma ta sauka.

A jirgin ƙasa Lucille ta zungure shi. "Maigida, ka ga yadda suka yi rububi tun daga farko?"

"Na gani mana," in ji Casimir. "Har fitila sai da ta taya."