Kwalbar da Kawu Ya Fasa a Sharafiyya

Jiya na gifta masu fenti a unguwar Sharafiyya ta Jidda, warin tinar da suke sirka fenti da ita ya bugi hancina, sai Kawu ya faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa.

Kafin ya tuba ya hauro Jidda, ya yi shekaru yana zuba wa Turawan kuza wuski a Jos, kuma bai taɓa ɓoye wannan ba. Yakan ce akwai mai ƙaurin hayaƙi, akwai mai zaƙin zuma, akwai wadda ta ɗauki ƙamshin itacen gangar da ta daɗe a ciki, duk hancinsa ya san su.

Lokacin da ya zo nan Sharafiyya, ni ƙuruciya na ɗibata. Wata Juma'a bayan la'asar Kawu ya iske ni a ɗaki da kwalbar wuskin da wani abokin aikina ya ba ni, wai daga Turai ta zo. Ya fizge, ya shinshina sau ɗaya, ya maka ta da bango. Sa'an nan ya ɗauke ni da mari har leɓena ya fashe, ya ci kwalata, ya gwara kaina da ƙofa.

"Ka sha? Don ubanka, ka sha?"

"Wallahi Kawu ban kai baki ba."

"Bayan haramci, wannan guba ce! Ba ta taɓa ganin ganga ba, a makewayi aka dama ta da tina."

Abokin nan nawa ya sha tasa. Kwana biyu idanunsa suka mutu, da ɗan jagora aka kai shi filin jirgi don a mayar da shi gida.

Girman kai ya hana ni gode wa Kawu har ya koma ga Mahaliccinsa. Allah Ya yafe masa abin da ya zuba wa mutane, Ya shayar da shi daga Alkausara.