Injin Ɓarar Gyaɗa da Na Ba da Aro

Ranar wata Asabar da hantsi, bayan an gama cirar gyaɗa, a shekarar da nake aji biyar na firamare, na ga mahaifina ya shaƙe ɗan'uwansa a layin maƙera a Daura. Ina riƙe da kwanon furar da Inna ta aiko ni in kai masa. Baba ya danne Baffa Tanko, ɗan ƙanen mahaifinsa, wanda suka koyi ƙira tare, ya haɗa bakinsa da gefen uwar maƙera har haƙori biyu suka fita. Shi kuma Baffa ya lalubo arautaki mai riƙe da jan ƙarfe, ya manna wa Baba a dantse. Har yau ina jin ƙaurin fatar nan. Baba bai ko sake shi ba, ihu kawai yake yi: "Ɓarawo! Shekara biyu ka sace mini!" Sai da ƙarti huɗu suka ɓamɓare su. Ba zan rantse a kan wanda ya fara kai hannu ba, amma na san wadda ta jawo abin, domin ni ce.

A gidanmu, da kaka ta yi, wasa ya ƙare. Muna dawowa daga makaranta Inna za ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta zube mana gyaɗa, mu yi ta ɓara har babban yatsa ya tsage. Ina jiyo ƙawayena suna 'yar carafke a ƙofar gida, ni kuwa washegari ko alƙalami ba na iya riƙewa sosai. Ina jin tsagewar yatsun nan namu ce ta sa Baba ya fara tunanin inji, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Ya rage ƙirar fartanya da garma, waɗanda su ne abincinmu, ya sayar da ragunansa biyu ya sayi ƙarfe da gawayi. Gyaɗar gonarmu ya yi ta gwaji da ita, injin yana markaɗe ta, Inna tana tsincewa tana tsaki. Sai a kaka ta biyu ya gano tazarar da ta dace tsakanin gangar da ake juyawa da rariyar ƙarfen da ke ƙasa, yadda ɓawo zai fashe ƙwaya ta fito lafiya. Wannan 'yar tazara ita ce dukan sirrin. Idan ban manta ba, guda uku kawai ya sayar, ya bar na farkon a ɗakin Inna.

Ranar da ya tafi kasuwar Mai'adua, Inna kuma ta je barka, matar Baffa Tanko ta shigo aron injin. Mu an rene mu a kan cewa ba a hana maƙwabci aro. Turmi, rariya, tsani, duk yawo suke yi gida-gida, kuma Inna takan ce, "Kayan aiki ba na mutum ɗaya ba ne." Ni ce babba, don haka na taya ta ɗora shi a baro, har ina jin na yi abin kirki. Ya kwana biyu a can. Da ya dawo na lura kusoshinsa suna ƙyalli, alamar an kwance su, amma tsoro ya hana ni magana. Bayan mako uku sai ga irinsa guda biyar a jere a rumfar Baffa, a kan rabin kuɗin na Baba. Zai iya, tunda shi bai sayar da rago ba, bai ɓata gyaɗa ba.

Bayan faɗan an kai su gaban dattawan maƙera. Babbansu ya saurari kowa, sannan ya tambayi Baba, "Kai wa ka biya kafin ka fara ƙera fartanya?" Aka yanke cewa ƙira gado ce ta kowa, Baba ne ma ya yi laifi. Ya dawo gida da la'asar, hannu a naɗe da tsumma, ya tambaya ko wa ya fitar da injin. Na ce ni ce. Ya ɗaga hannu, Inna ta shiga tsakani, marin ya sauka a kafaɗarta. Daga nan ya ɗauki masaba ya nufi zaure, inda ya ajiye wani injin sussukar gero da ya fara haɗawa, ya hau farfasa shi. Muna maƙale a bayan Inna muna jin kowane bugu, ƙarfe yana tsalle yana dukan bango, kaji suna watsewa. Da ya gama ya fito yana haki, ya ce, "Daga yau fartanya. Ita babu mai sace ta."

A jami'a, inda na karanta tattalin arziki, na ji labarin takardar haƙƙin ƙirƙira: hukuma ta ba mai ƙirƙira wasu shekaru shi kaɗai yana sayarwa, don ya mayar da abin da ya kashe, shi kuma ya bayyana sirrinsa, in wa'adin ya cika kowa ya ƙera. Malaminmu ya ce in ba haka ba, mai wahala zai daina. Na sunkuyar da kai, don ni na ga ranar da ake dainawa. Duk da haka ba na son in zaƙe. Arahar injin Baffa ce ta sa gidaje da yawa suka samu, yatsun yara da yawa suka huta, kuma ban tabbata maƙeri irin Baba zai iya bin hanyar samun takardar ba. Mai yiwuwa dattawan ma suna da gaskiyarsu.

Yanzu in na je gida, injinan da ake ja da babur ake kawowa bakin gona, kuma ba a layinmu aka ƙera su ba. Baba ya tsufa, yana gaisawa da Baffa a masallaci, tabon yana nan a dantsensa. Bai taɓa sake tayar mini da maganar aron ba, ni ma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa yadda injin geron zai kasance ba. Shi kaɗai ya sani, kuma har yau fartanya yake ƙerawa.