Hannun Buba da Kunyar Ɗan Fari

Ku matso yara. Ranar da aka kawo mana Buba ɗakin shan magani na Safana har gobe ba ta fita raina. Zamanin da kuɗin mai ya fara shigowa ne, ina ɗalibin aikin jinya, ga farar riga ga babur na aro, ji nake duniya tawa ce.

Buba ɗan Fulani ne daga wata ruga bayan Wagini, bai daɗe da fara tafiya ba. An haife shi babu ƙashi ɗaya cikin biyun da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, sai hannun daman ya lanƙwashe kamar lauje. Muka kai shi babban asibiti a Katsina. Likitan ƙashi ya ce zai gyaru, za a ɗora hannun bisa ƙashin da ya rage, a kafe da waya, a sa siminti. Amma sai an riƙa miƙar da shi safe da yamma ya yi laushi, in ba haka ba babu aiki.

Na koya wa uwar. Kai kawai take gyaɗawa, idonta a ƙasa. Da suka dawo, hannu na nan ƙiƙam. Likita ya ce saura dama ɗaya.

Na ce ina! Na buga babur sai ruga. Can na ga zahiri: ɗan fari ne, uwar ko sunansa ba ta faɗi, balle ta zauna tana murza masa hannu gaban surukai. Yana wajen kakarsa.

Na durƙusa gaban kakar muka gaisa, na ce, "Inna, aiki na kawo maki."

Ta ce, "Ɗan likita, mijin nawa za ku gyara, shi ne kuka je shawara wajen wata?"

"Tuba nake, Inna."

"Nuna mani. Mai tatsar nagge ai ta san ja ba tare da ta ji mata ciwo ba."

Tsohuwar nan ba wasa! Kafin lokacin kaka hannu ya yi laushi, aka shiga da Buba tiyata. Ranar da aka cire siminti na ga hannu a miƙe, tsalle na buga har sista, babbar ma'aikaciyar jinya, ta harare ni.

To, ku riƙe wannan: kafin ku koyar da jinyar yaro, ku fara tambaya, wa ke yi masa wanka?