Littafin da Na Jera wa Ƙanena

Ranar an wuni ana yayyafi, gari ya yi luf kamar mai gyangyaɗi. Ni ɗinkin littattafai nake yi a maɗaba'a, karatuna bai yi nisa ba. Ƙanena kuwa, wanda muke kira Me-ya-sa saboda yawan tambaya, malamin makaranta ne. Ya riga ya fitar da littafi biyu, ɗaya kan ko mutum ne ke zaɓar hanyarsa, ɗayan labarin mai kwalekwale da ke neman gaɓar da ya gani a mafarki.

Na ukun, labarin rayuwar wani tsoho, ya kawo mini ranar in ɗinke, rubutun hannu, babu lambar shafi. Idonsa ya dushe, ba zai iya rubuta wani ba. Bayan ya tafi na buɗe taga, iska ta watsa takardun. Na tsince su, na lura rubutun yana ƙara girma yadda ganinsa ke raguwa, sai na jera daga ƙanana zuwa manya, na ɗinke.

Da 'yarsa ta karanta masa, sai ya ce mini:

"Yaya, ai daga ƙarshe na faro rubutun, ina komawa baya."

Na ce bari in warware.

"Kul! Tsohon ya mutu a shafin farko, ya ƙare yana jariri a cinyar uwarsa. Ni ban yi masa wannan alherin ba."

Haka aka buga shi. Yanzu Me-ya-sa yana gidan 'yarsa, ba ya gani, jikoki na karanta masa.