Jinin da Ya Sha Rana a Hanyar Ribah

A lokacin ina ɗalibar digiri na uku, 'yar Zuru mai ji da kanta. Aikina a kwamfuta yake. Ana ɗibar jinin mutum, na'ura ta karanta ƙwayoyin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ni kuma in tantance waɗanda cuta ta taɓa. Ciwon hanta nake bincike a kai, don shi ya kashe mahaifina. Na roƙi marasa lafiya a Ribah suka ba da jini, na masu lafiya kuma na ɗiba a Rikoto, nan cikin Zuru, dab da firjin da muke ajiya. Kawuna, tsohon soja, shi ke ɗauko na Ribah mai nisa a kula, akwatin ƙanƙara, a bayan babur.

Tun zuwan farko Kawu ya gaya mini ƙanƙarar tana narkewa kafin ya iso, ya tambaya ko ba matsala. Na ce masa ya ji da babur, ya bar mini boko. Har yau in na tuna bakin nan nawa sai in ji kamar in mari kaina.

Da sakamako ya fito sai ga wasu ƙwayoyi a jinin marasa lafiya kaɗai, ko ɗaya babu a na masu lafiya. Na ce shi ke nan, na gano abin da duniya ba ta gani ba. Shekara biyu na yi a kansu, idona har ya ƙanƙance. Mama kuwa ta miƙe a coci ta ba da shaida wai 'yarta ta samo maganin hanta, alhali ban taɓa cewa magani ba! Da na tura aikin mujallar masana, mai dubawa bai kula da zane-zanena masu kala ba. Abu ɗaya ya tambaya, awa nawa jinin ke yi kafin ya shiga firji.

Cikin fushi na ɗebi jinina, na ba Kawu ya kai Ribah ya dawo da shi, don in rufe bakin mutumin. Ni da lafiyata lau, sai ga ƙwayoyin nan cike da jinina. Ashe ba cutar nake karantawa ba, wahalar zafin hanya ce. Shekara biyu ina binciken bayan babur.

Kawu ne ya kai ni Ribah neman gafarar waɗanda suka ba da jini. Wata tsohuwa da mijinta ya ba da jini ta tambaye ni ko maganin da aka ce na samo ya iso, sannan ta ce ai an binne mijin bara.

'Yan'uwa masu irin aikina, kwamfuta ba ta san hanyar da jini ya biyo ba, wanda ya ɗauko shi ne ya sani. In ya yi magana ku saurara. Tambayar da masanin nan ya yi mini, Kawu ya riga shi da shekara biyu, a ƙofar gidanmu.